Zagayen Lambuna a Ƙasar Kura, Bunkure da Madobi

Lambu gona ce da ake nomawa da ban ruwa bayan damina ta wuce. A Jihar Kano babu inda lambuna suka taru wuri guda kamar ƙasar da ke kudu da birni, wato Kura, Garun Malam da Bunkure, tare da maƙwabciyarsu Madobi. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da sauran gonaki suka koma kara da ƙura, matafiyin da ya bi titin Zariya zai tarar da kore shar hagu da dama tun daga wajajen Kura, mai nisan kilomita 30 da 'yan kai daga Kano. Shi ya sa wurin ya zama makaranta ga masu son ganin noma da idonsu: ɗaliban aikin gona, ƙungiyoyin manoma daga wasu garuruwa, malaman gona, har da 'yan gwari masu son sanin asalin abin da suke saye. Zagayen da ya fi amfani shi ne wanda ya bi sawun ruwa, daga inda ya taso zuwa fangalin da ya shayar, sannan ya bi amfanin gonar zuwa kasuwa.

Ruwan daga Tiga yake. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, aka tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babbar magudana take ɗauko shi, ta ratsa ta tafkin Ruwan Kanya, ta rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma. Kowane reshe yana haifar da ƙananan magudanai, su ma su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har a kai ga 'yar kwatar da ke bin gefen gonar mutum ɗaya. An yi niyyar kashin farko na wannan shirin ban ruwa ya shayar da hekta 22,000, amma abin da aka gyara shekaru da dama bai wuce hekta 15,000 ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi.

Abin da ya kamata baƙo ya fara lura da shi a bakin kanal, kamar yadda manoma ke kiran magudanar, shi ne babu ƙarar inji. Gangara ce ke tafiyar da ruwan tun daga Tiga, ba a ƙona ko ɗigon mai. Wannan babbar ni'ima ce, kuma ita ce ta bambanta manomin wannan yanki da takwaransa na wurare da yawa. A tsarin asali, da lanƙwasasshen bututu ake ɗaukar ruwa daga kwata zuwa gona. Manomi zai nutsar da bututun har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗaga shi ya tsallakar da shi kan kunya, sannan ya saki. Nan take ruwa ya fara zuba da kansa, ba zai tsaya ba sai an cire. Yaron da ya tashi a wurin yakan jera bututu biyar kafin baƙo ya iya tayar da ɗaya. Wasu kuma sukan fasa gefen kwatar da fartanya don ruwa ya shigo da sauri, abin da ke cinye kwatar a hankali ya kuma tauye na ƙasa da su.

Maganar na ƙasa ba ƙarama ba ce. Wanda gonarsa take kusa da kan magudana yana shan ruwa ya ƙoshi, wanda yake can wutsiya sai abin da ya rage. Idan ciyawar kacala da laka suka cushe hanya, wutsiya ce ke fara bushewa. Don haka zagayen da ya tsaya a gonakin bakin titi kawai ya ga rabin labari. A ƙarƙashin shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 an sake gyara magudanai da ƙofofin ruwa na wannan yanki, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan magudanai, su tsara ranar da kowane ɓangare zai sha. Baƙon da ya zauna rabin sa'a da shugabannin irin wannan ƙungiya zai fahimci cewa rabon ruwa ya fi shuka wuya.

A ɓangaren Madobi lamarin ya sha bamban. Yawancin lambunan can na fadama ne da bakin kogi, sun dogara da ruwan Kogin Kano da na Calawa da kuma gajerun rijiyoyin da ake hudawa a cikin yashi. A nan kam akwai ƙarar inji. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ne ke jawo ruwa ya tura ta tiyo zuwa fangali, kuma shi ya maye gurbin jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a baki ɗaya da nauyin laka a ɗaya bakin, wadda kakanni suka yi lambu da ita. Injinan sun yaɗu sosai tun daga shekarun 1980 ta hannun KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, sannan shirin Fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 ya ƙara musu yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin ban ruwa ya yi wa masu irin waɗannan lambuna nauyi, har wasu suka koma amfani da gas ko hasken rana. Lambun fadama yakan zama ƙarami, amma ya fi tara iri-iri: albasa a nan, alayyahu da latas a can, gauta, kuɓewa, attaruhu, da layin masara a gefe yana tare iska. Gona ce ta mai cefane, kullum akwai abin tsinka.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci, domin kowane wata da abin da yake nunawa. Wanda ya zo a Oktoba zai tarar ana yankan shinkafar damina, ana kuma renon irin tumatir da albasa a ƙananan gadaje da aka lulluɓe da ciyawa. Nuwamba da Disamba watannin dashe ne da shukar alkama. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris kuwa komai ya kai: tumatir ya nuna, alkama ta fitar da kai, hanyoyi sun cika da kwanduna. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da baƙon da zai zo sau ɗaya tak. A fito da sassafe, domin aikin lambu na safe ne da yamma, kuma da azahar sai dai a tarar da mai gadi.

Gonar tumatir ta cancanci a daɗe a cikinta. Bayan kamar wata guda a gadon reno ake cire irin a dasa shi a jiƙaƙƙen fangali, da yamma, don kada rana ta kwantar da shi. Sanyin hunturu shi ne abokinsa, domin idan dare ya yi zafi fure yakan zube bai ƙulla ɗa ba. Wannan ne dalilin da tumatir ke arha a Fabrairu ya yi tsada a Yuni. Manomin da ya san aikinsa ba ya kallon gona daga tsaye. Zai durƙusa, ya juya ganye, ya ɗaga shi ga hasken rana. Idan ya ga wani farin tabo mai kama da takarda, da ɗan baƙin gari a ciki, to tsutsar da manoman Kano ke kira sharon ta shigo. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Arewacin Afirka, ta kuma yi wa tumatirin Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa mummunar ɓarna a 2016, shekarar da farashin kwando ya ninka sau da yawa. Wahalar kashe ta ita ce a tsakiyar ganye take zama, inda feshi ba ya isa sosai, ga kuma saurin sabawa da magani. Masana suna ba da shawarar sa tarko mai ƙanshin da ke jawo namijin malam-buɗe-littafinta, da sauya magani, da ƙona ragowar shuka bayan tsinka, da kuma daina jera tumatir a gona ɗaya shekara bayan shekara.

Alkama ba ta da surutu irin na tumatir, amma ita ce aka fi sa wa rai lokacin da aka kafa shirin ban ruwan Tiga. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsauri: a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai same ta tana zuba ƙwaya, ta fito a tsamure. Ta yi tashe bayan da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta ja baya da aka ɗage hanin. Shinkafa ce ta zama sarauniyar yankin yanzu, kuma garin Kura cike yake da masu gumi da injinan casa, inda mata ke da babban rabo a aikin.

Ziyarar gona mai tsari ba baƙuwar aba ba ce a nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, inda ake gwada iri kafin a sake shi ga manoma. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1992, ta yi fice wajen gonakin gwaji a cikin gonar manomi kansa: ɓangare ɗaya a noma shi yadda aka saba, ɗaya kuma da sabon iri da sabuwar tazara da taki a kan ƙa'ida. Idan amfani ya kai sai a sa rana, a kira maƙwabta da dagaci da sarkin noma, a tsaya a kan iyakar ɓangarorin biyu. Ba malamin gona ne ya kamata ya fi magana a irin wannan rana ba, mai gonar ne, domin manomi ya fi yarda da wanda ya zuba kuɗinsa ya kuma kwana da fargabar asara. Tambayoyin da ake jefa masa ma ba na littafi ba ne. Buhu nawa na taki ka zuba? Sau nawa ka ba da ruwa? Tsuntsu bai dame ka ba? Ina ka sayi irin, kuma nawa? Amsar da aka bayar a gaban shukar da kowa ke gani ba ta da wurin ɓuya.

Shiga lambun mutane yana da ladabi. Ayarin da ya zo da yawa ya fara gaida dagaci ko mai unguwa, a ce ranka ya daɗe, a faɗi abin da ya kawo su, a nemi ɗan rakiya. A bakin gona a yi sallama, a ce sannu da aiki Baba, ko Malam, ko Alhaji, gwargwadon shekarun mutum, a jira ya amsa ya ba da izini. A bi kan kunya, kada a taka cikin fangali, domin sawu ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne saiwa ya kuma karkatar da ruwa. Ba a tsinkar komai sai an miƙo, kuma wannan ba don kunya kaɗai ba ne, wataƙila jiya aka yi feshi. Mai shan taba ya wanke hannu kafin ya taɓa tumatir ko tattasai, saboda akwai cutar ganye da ke bin taba. Ba a ɗaukar hoton matan da ke tsinka ko kala sai da yardarsu. Yara kuma a hana su shiga kanal: ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani, ga katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a wuraren da ya kwanta. Manomi yakan cika wa baƙo leda da tumatir ko albasa lokacin sallama. Ƙin karɓa ba kyau, amma ayarin mutum 30 da ya cinye wa mutum safiyarsa ya kamata ya sayi wani abu da farashi mai kyau kafin ya wuce.

Zagayen yana ƙarewa ne a kasuwa, kuma Kwanar Gafan da ke ƙasar Garun Malam ita ce babbar matattarar tumatir ta yankin. A nan dillalai ke haɗa manomi da fatake, ana loda manyan motoci zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas da sauran biranen kudu. Kwandon gargajiya yana da arha, sai dai idan aka jibga wani kan wani na ƙasa yakan matse ya zubar da ruwa kafin a isa, shi ya sa ake ta kiran a koma ga akwatin roba mai ɗaukar kilo 25 wanda ke hawa kan ɗan'uwansa ba tare da taɓa kayan ciki ba. Ranar da kaya suka yi yawa kasuwa ta faɗi, sai a ga an yanka tumatir an shanya shi a gefen hanya ya zama kauɗa. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, an gina shi ne don ya sha wannan rarar, amma ya sha tsayawa saboda ƙarancin kaya da rashin daidaito kan farashi tsakaninsa da manoma.

Makarantun sakandare na birnin Kano da ke koyar da aikin gona a kan allo ba su da nisa da duk wannan. Mota ɗaya da yini ɗaya a watan Fabrairu sun isa su kai ɗalibai bakin kanal a Kadawa, su tsallaka da su fadamar Madobi, su dawo gida kafin la'asar. Ya kamata shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye su sa wannan tafiya cikin tsarin kowace shekara, su kuma nemi malamin gonar yankin tun da wuri ya shirya musu manoman da za su karɓe su.