Cinikin Tsohon Injin Yankan Katako a Panteka

Kasuwar Panteka da ke Tudun Wada a birnin Kaduna, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ta yi suna da masu walda da kafintoci da dillalan tsofaffin ƙarafa, kuma a tsakanin rumfunansu ne ake wani ciniki da ba shi da layi nasa na musamman, wato saye da sayar da tsofaffin injinan yankan katako masu tebur. Irin wannan inji tebur ne na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, inda faifan zarto yake leƙowa yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti, ma'aikaci kuwa yana tura katako ta jikin wata katanga madaidaiciya wadda ke tsayar da faɗin abin da za a yanka. Kafintan da aikinsa ya ƙaru har ya gaji da kai katako wurin masu inji yana biyan kuɗin tsaga, shi ne yawanci mai neman wannan kaya, kuma da wuya ya tunkari sabo, musamman tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo.

Injinan da ke yawo a wannan ciniki asalinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na gida, wanda mai walda ke haɗawa da ƙarfen kwana da faranti, ya ɗora masa moto da bel. Yana da araha kuma ba ya wuyar gyara, sai dai yana rawa idan ya haɗu da katako mai tauri irin su kawo da loko. Akwai kuma gwanjon Turai da ake kira ɗan Beljiyam ko da daga wace ƙasa ya fito, wanda ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas ko Kwatano, sannan akwai waɗanda suka daɗe a ƙasa, suka fito daga masana'antun da suka rufe. A jikin na waje ake ganin sunaye irin su Wadkin na birnin Lesta a Ingila, da SCM na Italiya, da Robland na Beljiyam, da Altendorf na Jamus, kamfanin da ya shahara da inji mai tebur mai zamewa, wanda ake shimfiɗa cikakken falankin filawud mai ƙafa 4 da 8 a kansa a yanka shi cif. Suna yana ɗaga farashi, amma ba ya ba da labarin abin da injin ya sha a hannun waɗanda suka riƙe shi shekaru talatin ko arba'in.

Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi ba ya zuwa shi kaɗai, yakan tafi da makaniken inji, wani lokaci har da mai naɗin waya, kuma ba sa ɓata lokaci a kan fenti, domin sabon fenti a tsohon inji sau da yawa tsatsa ko tsagewa yake rufewa. Teburin ake fara dubawa, wanda a injinan kirki na ƙarfen zubi ne, ƙarfe mai nauyi da ke shanye girgiza amma ba ya karɓar walda cikin sauƙi idan ya tsage. Ana ɗora masa madaidaicin ƙarfe a ga ko ya lotsa. Daga nan sai a kama shaf, wato sandar da faifan zarto ke ɗaure a kanta, a girgiza shi a juya shi da hannu ana saurare. Idan boris ne ya ci, abin da sauƙi, domin ana samunsa a kasuwa da lambarsa, amma shaf da ya lanƙwashe yana sa zarto lilo, yanka ya fito da faɗi da zane, kuma gyaransa sai an je wurin mai injin sassaƙa ƙarfe. Kaurin shaf ma abin tambaya ne, domin yawancin injinan Turai na zamani milimita 30 suke ɗauka, na Amurka da tsofaffin na Ingila kuwa da inci aka auna su, kuma zarton wannan ba ya zama a wancan sai da zobe.

Babbar magana dai ita ce wuta, kuma a nan ne cinikin da ya yi daɗi a kasuwa yakan zama nauyi a shago. Manyan injina suna aiki ne da wuta mai layi uku, wadda masu sana'a ke kira tirifes, mai ƙarfin bolt 400 ko kusa da haka, alhali shaguna da yawa layi ɗaya gare su. Moto yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi fiye da lokacin da yake gudu, don haka janaretan da zai ɗauke shi dole ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ga kuma tsadar man gas. Wanda ya dogara ga wutar kamfani ma bai tsira ba, tunda a Afrilun 2024 aka mai da kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Injin da aka ƙera don Amurka, inda wuta ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan wutar Nijeriya mai 50, abin da dillali ba lallai ya ambata ba. Makanike yakan buɗe moton ya shinshina ya duba koyil, domin wanda aka taɓa naɗawa da waya maras kyau yana zafi da wuri.

Cinikin kansa bisa al'ada yake tafiya: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Ba a ba da garanti, kuma da zarar inji ya bar rumfa ya zama na wanda ya biya, shi ya sa mai hankali ke dagewa sai an kunna an tsaga katako mai kauri a gabansa, ko da shi zai sayi man gwajin. Abin da ba a cika sa wa kuɗi ba shi ne kayan kariya. Murfin zarto da siririyar wuƙar da ke tsaye a bayansa, wadda ke hana tsagaggen katako matse zarto ya dawo wa ma'aikaci da ƙarfi, sau da yawa an cire su tun da daɗewa, ba mai saye da ke tambaya ba mai sayarwa da ke ragi, ko da yake kowane mai walda a Panteka zai iya yanko wuƙar daga farantin ƙarfe idan aka ba shi awon kaurin zarton.

Bayan an biya sai maganar ɗauka, domin ƙaramin inji na ƙarfen zubi yana kai kilo ɗaruruwa, mai tebur mai zamewa kuwa yakan kusanci tan guda, sai an nemi 'yan dako da sarƙar ɗagawa da mota mai buɗaɗɗen baya. A shago kuma ana zuba masa daɓen siminti, a daidaita katanga da zarto, a sauya bel, a kai faifan wurin masu wasa haƙora, kuma duk wannan kuɗi daga aljihun mai saye yake fita kafin injin ya tsaga katakon farko na kwastoma.