Fatauci da Daidaitaccen Harshe: Misalin Birnin Fulorans

A ƙarni na 13 da na 14 babu wata daula guda da ake kira Italiya. Birane ne masu cin gashin kansu, irin su Benis da Jenowa da Fulorans, kowanne da gwamnatinsa da kuɗinsa da karin harshensa, harshen ilmi kuwa Latin ne. Abin tambaya a nan shi ne yadda aka yi karin Fulorans ya zama daidaitaccen Italiyanci, alhali birnin bai taɓa mallake ƙasar da yaƙi ba.

Arzikin Fulorans ya dogara ne ga saƙar ulu da harkar banki. A 1252 birnin ya fara buga tsabar zinariya mai suna filorin, wadda ta karɓu a kasuwannin Turai. Mulki ma a hannun 'yan kasuwa yake, domin dokokin 1293 sun tabbatar da cewa ba mai shiga majalisar mulki sai ɗan ƙungiyar sana'a, wa'adinsa kuma wata biyu kacal, don kada wani ya kafu. Shi kansa mawaƙi Dante sai da ya shiga ƙungiyar likitoci da masu sayar da magani kafin ya zauna a majalisar a 1300.

Falke ba shi da lokacin jiran malamin Latin. Da karin garinsu yake rubuta lissafinsa da wasiƙun da yake aika wa wakilansa a Landan ko Faris. Marubucin tarihi Giovanni Villani ya ƙiyasta cewa wajen 1338 yara 8,000 zuwa 10,000 ke koyon karatu a birnin. Ko da an yi ƙarin gishiri a adadin, abin ba kaɗan ba ne. Attajiri Francesco Datini na Prato, wani gari kusa da Fulorans, da ya rasu a 1410 ya bar wasiƙu kimanin 150,000. Wato Dante da Boccaccio, wanda mahaifinsa ma'aikacin bankin Bardi ne, sun tarar da masu karatu a shirye. Mai nazarin Hausa zai tuna da Kananci, ko da yake a wajensa hukuma ta sa hannu.

Amma dukiya kaɗai ba ta wadatar ba, don Benis ba ta gaza Fulorans arziki ba, ta ma fi ta maɗaba'u. Abin da ta rasa shi ne marubutan da kowa ya sallama musu. Mutumin Benis ne ma, Pietro Bembo, ya kawo shawara a 1525 cewa a yi koyi da Petrarca a waƙa, da Boccaccio a zube. Babban ƙamusun da malaman Fulorans suka tsara kuwa a Benis aka buga shi a 1612.