Zare Filash Daga Kwamfuta: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta

Magana biyu ke yawo a shagunan buga takardu da wajen masu tura fina-finai. Wasu sun ce duk wanda ya fizge filash bai fara sallamarsa ta cikin kwamfuta ba, to zai ƙona shi, ko ya jawo masa bairos. Wasu kuma sun ce wannan tsohon yayi ne, Microsoft ya riga ya kashe maganar. Ɓangaren farko ya tsorata da abin da ba shi ne haɗarin ba, na biyu kuma ya faɗaɗa wata gaskiya fiye da inda ta tsaya.

Batun ƙonewa ba shi da tushe. Tun da USB ya fito a 1996, an ƙera shi ne don a soka a zare kwamfuta tana kunne. Mutum ya leƙa bakin filash na gargajiya zai ga 'yan ƙarafa huɗu a jere: biyu na gefe, masu ɗaukar wuta, sun fi biyu na tsakiya tsawo. Da gangan aka yi haka, domin layin bayanai ya riga na wuta yankewa idan an zare. Bairos kuwa ta hanyar sokawa yake shiga. Wanda ke ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, daga kwamfuta mai cuta ake kwaso shi, ko an sallami filash ko ba a sallama ba.

Haɗarin gaskiya yana wurin da ido ba ya gani. Rubutu a kan filash yana da nawa, saboda haka sau da yawa kwamfuta takan riƙe bayanan a ƙwaƙwalwarta ta wucin-gadi, ta nuna an gama, sannan ta ci gaba da zuba su a hankali. Sallama umarni ne gare ta cewa ta ƙarasa zubawa, ta rufe littafinta. Littafin nan shi ne abin tsoro, domin akasarin filash suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba sa ajiye bayanin aikin da aka faro ba a ƙarasa ba, saɓanin NTFS. Idan aka fizge daidai lokacin da ake gyara jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, ɓarnar kan wuce fayil ɗaya. Daga nan ne ɗalibi ke soka filash mai ɗauke da kundinsa na kammala karatu, kwamfuta ta ce masa sai an yi fomat.

Masu cewa Microsoft ya sauya tsari suna da hujja. Daga Windows 10 siga ta 1809, wadda ta fito a 2018, an mayar da tsarin saurin cirewa ya zama na asali ga ma'ajiyoyin da ake sokawa, wato kwamfuta ta daina jinkirta rubutu a kansu. Amma wannan bai ba kowa lasisin zarewa ana tsakiyar kwafi ba, ko yayin da wata manhaja ke rubutu a kan filash. Bai kuma shafi Mac da Linux ba, inda har yanzu ake jinkirin. A Linux ma, sandar kwafi kan cika alhali babban fayil bai gama sauka ba. Wani zai ce ya sha fizgewa bai ga komai ba. Haka ne, domin galibi rubutun ya riga ya ƙare kafin hannunsa ya kai. Wannan dace ne kawai, tunda babu wata tabbatacciyar alama da ta shaida masa an gama.

A nan ne nake ganin ana zaluntar mai amfani da kwamfuta idan aka kira shi mai sakaci. Masu tsara fuskar kwamfuta ne suka ɓoye abin da ya kamata ya fito fili. A Macintosh na da, ana jan faifai ne zuwa kwandon shara don a fitar da shi, kwandon da ake jefa abin da za a goge. Sai a Mac OS X aka sa kwandon ya riƙa rikiɗa zuwa alamar fitarwa. A Windows, alamar sallama 'yar mitsitsiya ce a kusurwar ƙasa, sau da yawa a bayan wata kibiya. Ko an lalubo ta, takan amsa cewa ana amfani da na'urar, ba ta faɗi wace manhaja ce ta riƙe ba. Mutumin da ke da layin kwastomomi a gabansa ba zai tsaya yin duba ba, fizgewa zai yi.

Idan Windows ya ƙi sallama, a rufe duk fayil da taga da aka buɗe daga filash ɗin, a sake gwadawa. Idan ya kafe, kashe kwamfutar gaba ɗaya yana ƙarasa duk rubutun da ya rage, sannan a zare.