Gudun kilomita 21 cikin mamakon ruwa

Ranar 26 ga Maris 2016 a birnin Cardiff na Birtaniya, Geoffrey Kamworor ɗan Kenya ya faɗi tun a wurin tashi, aka tattake shi. Ya miƙe da gwiwoyi a ƙurje, ya lashe gasar rabin gudun fanfalaki ta duniya cikin minti 59 da daƙiƙa 10, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Yayyafi dai taimako ne, yana sanyaya jiki. Mamako ne fitina: rigar auduga ta jiƙe ta yi nauyi, safa ta sha ruwa har ƙafa ta yi bororo, farin fentin titi kuwa santsi gare shi. Da an tsaya sanyi zai kama mutum, shi ya sa ake lulluɓe masu gudu da leda mai sheƙi.