Daga Allo Zuwa Zayyana: Yadda Ake Koya Wa Yaro Zane Daki-Daki

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya, ya san shingen kan iyaka na Magama, inda ake tsayawa kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka, suka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908. An rufe ta a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa a 2023, aka buɗe a 2024. Amma akwai abu guda da bai taɓa tsayawa a bakin shinge ba, watau allon almajiri. Yaron da ya fara karatu a Jibiya, in aka kai shi Madarunfa ko Maraɗi, zai tarar da irin allonsa, da irin tawadarsa, da irin baƙin da ya baro a gida, a ruwayar Warshu.

Dalilin kawo wannan magana shi ne wata damuwa da ke ga iyaye da yawa, 'yan kasuwa da ma'aikata. Yaro ya komo daga makarantar boko da littafin zane, ko kuwa a same shi yana ta zane-zane da gawayi a jikin bango. Wani uban sai ya ɗauko bulala, yana cewa haramun ne. Wani kuwa ya kau da kai, ko oho. To, dukansu biyu sun yi kuskure, domin koya wa yaro zane daki-daki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu na allo sun daɗe da hanyarsa.

A dubi yadda ake fara wa kolo karatu. Ba a ba shi alƙalami ran farko. Malam ne ke rubuta masa babbaƙu, baƙi tsirara ba wasali, yana biya masa sunan kowane harafi, yaro na bi da yatsa. Sunayen ma kansu sifa suke bayyanawa, kamar ambaki, watau harafin da ya buɗe baki, don ido ya riƙe kamannin abu kafin hannu ya gwada shi. Daga nan sai farfaru, a sanya wasulla. In hannu ya fara faɗawa, malam ya kan ja masa rubutu da busasshen alƙalami ko tawada marar kauri, yaro ya bi sawu ya maimaita. Sannu a hankali ya koma kwafa daga takarda, a wanke, a sake. Ƙarshen wannan hanya shi ne alaramman da zai zauna ya rubuta izu 60 da ka, ba tare da duba littafi ba. Ashe kuwa dokar guda ce: gani, bin sawu, kwaikwayo, sa'an nan ƙirƙira.

Wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na ƙasarmu zai ga cewa marubucin mai zane ne ƙwarai. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon ɗorawa, alamar hamzatul wasli kuwa da kore. Ƙarshen aya ɗigo uku ne a haɗe, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi ga da'irori masu ado da ke nuna izu, da nusufi, da rubu'i, da sumuni, da wuraren sujada. Tun da kowane izu sumuni 8 ne, mai rubutu zai yi wa wurare 480 alama kafin ya kammala. Babu mai iya wannan sai wanda aka hore wa hannu tun yana ƙarami. A Gabas ma haka abin yake. Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza wanda ya rasu a shekarar 940, shi ya shahara da auna haruffa da ɗigon alƙalami da da'ira, har rubutu ya zama ilmi mai ma'auni.

Inda wannan fasaha ta fi fitowa fili shi ne allon zayyana, wanda ake yi wa mai saukar karatu. Gwanin zayyana ba ya farawa da launi. Zai sami allo mai kyau, galibi na icen aduwa, ya goge shi, ya shafe da fari ko ya manna masa farar takarda. Sai ya ja layukan gefe, ya ware gurbin da za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya raba sauran fili gida-gida daidai wa daida. Cikin gidajen nan ne zai fitar da da'ira, da kusurwoyi, da igiyoyi masu sarƙe da juna. Sai komai ya zauna sa'an nan ya ɗauko ja da ɗorawa da kore. Yaron da ke zaune gefensa da dama tawada yake farawa, daga nan a bar masa jan layi, daga baya cika launi, har ranar da za a miƙa masa allo sukutum. Wani masani ɗan ƙasar Sudan, Salah Hassan, ya wallafa littafi a kan wannan sana'a ta Hausawa a 1992. Abin kunya ne a ce na nesa ya san darajarta, mu masu ita muna wulaƙanta ta.

Game da hukunci kuwa, magana a sarari take. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, sai ya tsoratar da shi game da surar abu mai rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa, to, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan gunki mai jiki cikakke, mai inuwa, sun sassauta a kan abin da ke shimfiɗe a takarda, ko da yake barin sa ya fi a wurinsu. Amma bishiya, da gida, da masallaci, da taswira, da zayyana, mafi yawan malamai sun halatta su. Saboda haka filin da aka bar wa yaro yana da faɗi.

Uban da ke son gwadawa ba ya bukatar kuɗi. A fara da miƙaƙƙen layi a kan rairayi. In ya miƙe, a koma da'ira, a kifa kwabo ko bakin ƙoƙo a zagaya. Mako na gaba a raba murabba'i gida huɗu, sa'an nan gida 16. Daga nan a sa shi ya kwaikwayi kuri da alamar izu. In ya ƙware, a kai shi ya zauna gaban hasumiyar Gobarau a Katsina ya zana ta. Kada a tsallake mataki, kada kuma a yi masa dariya in layi ya karkace. Wannan hannun shi ne gobe zai zana taswirar gini, ko surfanin babbar riga, ko ya auna gona.

Abin tsoro shi ne yadda bugun inji ke ture aikin hannu, har a walimar sauka kalanda mai hoto ta fi allo yawa. To, ya ku alhazan kasuwa, in ɗanku zai yi sauka, ku nemi mai zayyana, ku biya shi hakkinsa ba tare da tayi ba, ku kuma roƙe shi ya zaunar da yaro kusa da shi. Ku ma'aikatan ilmi, ku gayyato irin waɗannan malamai cikin aji a lokacin darasin zane. In tsofaffin gwanaye suka ƙare ba su bar magada ba, babu injin da zai komo mana da su.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sanya albarka a hannuwansu, amin.