Rabon Gidaje a Kaliforniya da Halin Ƙananan Biranen Bakin Teku

Tun daga 1969 dokar jihar Kaliforniya ta Amurka ta wajabta wa kowane birni ya tsara inda za a gina gidajen da yawan jama'a zai buƙata. Hukumar gidaje ta jiha ce ke yanke adadin kowane yanki, majalisar biranen yankin kuma ta raba shi tsakanin membobinta, galibi bayan kowace shekara takwas. Ba a ce wa birni ya ɗauki bulo ya yi ginin da kansa ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya ware filaye, ya kuma sassauta dokokin gini har adadin ya samu wurin zama.

Shekara da shekaru wannan rabon bai hana kowa barci ba. A zangon da ya gabata, gida 5 kacal aka ɗora wa Newport Beach, Laguna Beach kuwa gida 2. Tsadar haya ce ta sauya lissafin. Ayyukan yi sun taru a bakin teku, amma malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai wanke kwanoni a otal ba su iya kama ɗaki a can, sai su tare a garuruwan cikin ƙasa, su kwashe sa'o'i a kan titi safe da yamma. Da aka zo zangon 2021 zuwa 2029, jiha ta ɗora wa yankin kudancin Kaliforniya gidaje kimanin miliyan 1.34, kuma a Nuwamban 2019 majalisar yankin ta karkata nauyin zuwa biranen da ke kusa da ayyuka da hanyoyin sufuri. Kason Newport Beach ya tashi zuwa 4,845, na Laguna Beach 394, na Huntington Beach 13,368.

Ƙananan biranen bakin teku, har da na wasu yankunan jihar, su ne suka fi jin jiki, domin ba su da fili ko na shanya. Carmel-by-the-Sea faɗinsa kimanin murabba'in mil ɗaya ne, mazaunansa dubu uku da 'yan kai, teku a yamma, an kuma ba shi gida 349. Ga matsalar ruwa: tun 2009 hukumar ruwa ta jiha ta taƙaita ɗibar ruwa daga kogin Carmel, lamarin da ya sa jona sabon famfo ya zama jidali. Coronado, wanda ruwa ya kusa kewaye shi, ya samu 912 bayan a baya 50 aka ba shi, har ya yi ƙorafin cewa an lissafa masa ayyukan sansanin sojan ruwa alhali ba shi da iko da filayen sansanin. Ya haɗa kai da wasu birane uku suka kai ƙara a 2020, kotu ta yi watsi da ita. Bugu da ƙari, dokar kare gaɓar teku ta 1976 na iya buƙatar amincewar wata hukuma dabam kafin a sauya tsarin gini, ga kuma zaizayar gaɓa da hauhawar ruwan teku.

Tun da babu daji da za a sare, sai birni ya koma kan abin da ke ginanne. Filin ajiye motoci na bayan kasuwa, tsohon jerin shaguna mai hawa ɗaya, harabar coci, duk su ne ake rubutawa a matsayin wuraren gini. Maigida ma an ba shi damar ya mayar da garejinsa ɗakin haya ko ya ta da ɗan ƙaramin gida a bayan gida. Birnin Del Mar kuwa ya ɗora begensa kan filin baje kolin da ke cikinsa, wanda mallakar jiha ne.

Birnin da ya yi jan ƙafa kuwa yana iya rasa ikonsa. Idan jiha ba ta amince da tsarinsa ba, mai gini na da damar tsallake dokokin tsayi da cunkoso muddin ya ware wani kaso ga masu ƙaramin ƙarfi. Haka ta faru a Santa Monica a 2022, inda cikin ɗan lokaci aka shigar da takardun neman gina gidaje sama da 4,000. Huntington Beach kuwa ya ƙi bin rabon fir, jiha ta maka shi kotu a 2023.

Kukan waɗannan birane na ƙarancin fili da ruwa gaskiya ne, sai dai wani ɓangarensa su suka jawo, domin dokokin da suka hana gina komai sai gidan iyali ɗaya su ne suka sa gari ya cika da wuri. Raunin tsarin yana wani gefen. Kaso mai yawa na adadin an ware shi ne ga masu ƙaramin ƙarfi, amma a inda kangon fili ke cin miliyoyin daloli, irin wannan gidan ba ya ginuwa sai da tallafin gwamnati, tallafin kuma bai kai yawan buƙata ba. Shi ya sa birni kan cika adadinsa a takarda, alhali abin da ya tashi a ƙasa gidajen masu hali ne da 'yan ɗakunan bayan gida, waɗanda wasunsu ma 'yan uwan maigida ne ke kwana ciki.