Zakaran da ake kiwonsa don gashinsa, ba don nama ba

Yau za mu leƙa Amurka, inda akwai gonakin da ke kiwon zakaru don gashin wuyansu da na gadon bayansu kawai. Naman ma ba shi ne a gabansu ba.

Masunta ne ke sayen gashin. A can akwai masu kama wani kifin ruwan sanyi mai suna trout, kuma ba tana suke sa wa ƙugiya ba. Gashin zakara suke naɗa mata da zare har ta yi kama da ƙwaro, su jefa ta ta yi ta yawo a saman ruwa, kifi ya zo ya cafka. Shi ya sa ba kowane gashi ke yi ba. Ana son dogo, siriri, mai taurin zarurruka don kada ƙugiyar ta nutse, kuma ƙashin tsakiyarsa ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba.

Irin wannan zakara ba a tsince shi ba, gyara shi aka yi. Henry Hoffman a jihar Oregon ya faro da ƙananan kaji wake-wake na jinsin Plymouth Rock tun shekarun 1960, duk shekara yana ware zakaran da ya fi kyan gashi ya bar shi ya yi barbara. A 1989 Dakta Tom Whiting ya sayi irin, ya kafa Whiting Farms a garin Delta na jihar Colorado. Yau gashin bayan zakarunsu kan wuce tsawon santimita 30, har sai da aka riƙa zaɓen masu dogayen ƙafafu don kada gashin ya ja ƙasa. Kowane zakara da kejinsa shi kaɗai, saboda faɗa ɗaya ya isa ya lalata aikin wata da watanni. Sai ya kai wajen shekara ɗaya ake yanka shi, a feɗe fatar da gashinta, a busar, a sayar.

To, ina ruwanmu? Gaskiya ban ba kowa shawarar ya zuba jarinsa a wannan ba, don masuntanmu koma da taru da fatsa mai tana suka sani. Amma lissafin kalar da waɗannan mutane ke yi, shi ne ke aiki a kajin da ke tsakar gidanka.

Mu fara da wake-wake, wato mai ratsin fari da baƙi. Ƙwayar gadon wannan ratsi tana kan abin da masana ke kira Z. Zakara yana da Z biyu, kaza tana da Z ɗaya da W ɗaya. Kaza 'ya'yanta maza kaɗai take ba Z ɗinta, matan kuwa W suke karɓa daga wurinta. Ka gane inda aka dosa? Idan ka haɗa kaza wake-wake da zakara ja marar ratsi, kamar Rhode Island Red, duk tsako namiji zai gaji ratsin uwarsa, mace ko ɗaya ba za ta gada ba. Kuma tun ranar ƙyanƙyasa za ka gani: tsakin duk baƙaƙe ne, amma namiji yana da farin ɗigo a ka. Wanda ya taɓa ciyar da tsaki wata biyu yana jiran masu ƙwai, sai ya ji rabinsu sun fara cara, ya san darajar wannan ɗigon.

Amma fa kada ka juya lissafin. In zakaran ne wake-wake, kazar ce marar ratsi, yana raba Z ɗinsa ga maza da mata duka, ɗigon ba zai gaya maka komai ba. Haka kuma a kajin gida da jininsu ya gauraya, farar kala na iya rufe ɗigon, don haka sai iyayen sun kasance tsantsar iri.

Sai toka-toka, kalar da ta daɗe tana wahal da masu kiwon gashi. Ita ba ta tsayawa. Ƙwayar gado ɗaya ce ke dusashe baƙi ya koma toka, in ta zama biyu sai kazar ta fito fara-fara mai yayyafin toka. Saboda haka toka da toka, a lissafi, cikin tsaki huɗu biyu ne toka, ɗaya baƙi, ɗaya fari mai yayyafi. Na ce a lissafi, domin a ƙwai goma kacal abin kan kauce. In wani ya sayar maka da toka-toka biyu da tsada yana rantsuwa duk 'ya'yansu haka za su fito, ko dai bai sani ba, ko ya so ya cuce ka. Mai son tsakinsa su fito toka gaba ɗaya, sai ya nemi baƙi ya haɗa da farin nan mai yayyafi.